Inbata kVA 10 da batura takwas, ko kilowat 6 da litiyam ɗaya: wanne zai kwana da esi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. A Kano nake, gidana mai ɗakuna huɗu ne. Ina da esi biyu masu doki ɗaya da rabi, da firji, da firiza, da sumo na rijiyar burtsatse, da fankoki, da talabijin, da dutsen guga. Wuta sai ta ga dama take zuwa, man janareta kuma ya fi ƙarfina. Masu haɗa sola biyu sun kawo mini lissafi. Na farko ya ce inbata mai kVA 10 da batura tubula takwas masu Ah 220. Na biyu ya ce inbata mai kilowat 6 da batirin litiyam ɗaya mai kWh 10. Kowannensu ya sa farantan sola takwas, kuɗin kuma ba su yi nisa da juna ba. Hankalina ya fi kwanciya da na farko, tun da inbatarsa ta fi girma, baturansa sun fi yawa. Wanne ne zai riƙe esi biyu har gari ya waye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a saya a sa'a. Zan fara da abin da wataƙila ba za ka ji daɗinsa ba: a lissafin nan biyu babu wanda zai kwana da esi biyu har asuba. Na farkon ya fi cika ido, amma wutar da za ka iya sha daga gare shi cikin dare kaɗan ta ɗara ta na biyun, kuma shi zai riga mutuwa. Na biyun ya fi kusa da hanya, sai dai batirinsa ya yi wa buƙatarka kaɗan, farantan ma haka.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne lambar da ke rubuce a goshin inbata. Inbata ba ta ajiye wuta ko ƙyas. Aikinta ta karɓi wutar batir ta juya ta zuwa irin wadda kayan gida ke ci, wato bolt 230. Ka ɗauki misalin ruwan gidanka: batir shi ne tankin da ke sama, farantan sola su ne sumo da ke cika shi, inbata kuwa faɗin bututun da ke sauko da ruwan ne. Faɗin bututu yana nuna famfo nawa za a iya buɗewa lokaci guda, ba ya ƙara wa tanki ko kofi ɗaya. Don haka kVA 10 amsa ce ga tambayar "kaya nawa zan kunna tare?" Taka tambayar kuwa ita ce "awa nawa za su yi a kunne?", kuma batir ne kaɗai ke amsa ta.

Ita kanta kVA ɗin a kula da ita. A inbatoci da yawa, musamman masu taransifoma a ciki, kVA 10 na nufin kilowat 8 ne, domin ana ninka lambar da 0.8 kafin a samu ainihin ƙarfin aiki. Wasu na zamani kuma kVA ɗinsu daidai take da kilowat. Kenan tazarar da ke tsakanin inbatocin nan biyu tana iya zama 8 da 6, ba 10 da 6 ba. Ka sa a nuna maka takardar da ke manne a gefen inbatar, wurin da aka rubuta wat.

Yanzu mu lissafa darenka. Abin da ake kira kWh shi ne dai yunit ɗin da kake saya a mita: kayan da ke cin wat 1,000 ya yi awa ɗaya yana aiki. Daga magariba zuwa fitowar rana, kusan awa 12 ke nan da batir zai ɗauki gidan shi kaɗai. Esi mai doki ɗaya da rabi yana iya jan wat 1,100 zuwa 1,300 idan yana kan ganiyarsa. Idan irin na zamani ne mai rage gudu bayan ɗaki ya yi sanyi, a tsakaice mu ba shi wat 750. Awa 8 na barci sun zama yunit 6 ga guda ɗaya, biyu kuma yunit 12. Fankokin sama huɗu masu wat 70, na awa 10, yunit 2.8. Firji da firiza tare, kamar yunit 1.5 cikin dare. Ƙwayaye, talabijin, dikoda da cajin waya, mu ce yunit 1.3. Inbatar ita ma tana cin nata ko ba a kunna komai ba, kamar wat 60, wato yunit 0.7 kafin safiya. An haura yunit 18. Ƙara kashi 10 cikin 100 da ke salwanta wajen juya wutar, ka ga an kai yunit 20. Idan esi ɗaya ne zai kwana, yunit 13 zuwa 14. Idan babu esi sam, kamar yunit 7. Dubi yadda esi ɗaya ya cinye kusan daidai da duk sauran gidan. A nan ne kuɗin sola ke tafiya.

Waɗannan lambobi ƙiyasi ne, kuma gidanka yana da nasa. Ɗakin da rana ta kwana tana dukan rufinsa a watan Afrilu, ba silin mai kyau, tagogi suna shan iska, esinsa ba zai huta ba, sai ya ci fiye da abin da na rubuta. Akwai hanyar gane gaskiya da ba ta buƙatar ko kwabo. Duk daren da aka bar muku wuta daga magariba har safe, rubuta yunit ɗin da ke kan mita da ƙarfe bakwai na yamma, a yi rayuwa yadda aka saba, ka sake dubawa da ƙarfe bakwai na safe. Bambancin shi ne abin da batirinka zai riƙa bayarwa. Ina ganin duk mai haɗa sola da ya yanke maka lissafi bai tambaye ka wannan ba, bai kuma zagaya gidan da abin awo ba, hasashe ya sayar maka.

To mu ɗora lissafin mutanen nan biyu a kan wannan sikeli. Tubula ɗaya mai bolt 12 da Ah 220 (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) yana ɗauke da yunit 2.6 a takarda, takwas sun ba da kusan yunit 21. Amma tubula batirin dalma ne, shi kuwa ba a shanye shi. Ƙa'idar da kowane ma'aikaci ya sani ita ce a tsaya a rabi, in ana so ya yi ƙarko. Saura yunit 10 da rabi. Akwai kuma wani abin: lambar Ah 220 ɗin an auna ta ne a kan ja a hankali, na awa 10 ko awa 20. Idan aka ɗora masa kaya masu nauyi kamar esi, abin da zai bayar yana raguwa ƙasa da abin da aka rubuta. Shi kuwa litiyam mai yunit 10.24 ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa, wato yunit 8 zuwa 9, kuma nauyin kaya ba ya rage masa auki sosai. Ga su nan: 10 da ɗan wani abu a gefe guda, kusan 9 a ɗaya gefen, buƙata kuma 20. Duk wanda ka ɗauka, tsakar dare esin za su ɗauke.

Zan ɗan daɗe a kan tubula, domin a nan mutanenmu suka fi yin asara, kuma ba laifin batirin ba ne kaɗai. Fasahar batirin dalma da ruwan asid tsohuwa ce, tun 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro ta, kuma ta yi wa duniya aiki. Amma tana da maƙiya biyu, dukkansu a gidanmu suke zaune. Na farko zafi. Ana auna rayuwar waɗannan batura ne a yanayin digiri 25 zuwa 27, kuma sananne ne cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwarsu biyu. Kano daga Maris zuwa Mayu tana haura digiri 40, balle Sakkwato da Maiduguri, sannan sau da yawa a sito ko ƙarƙashin bene ake cusa su, inda iska ba ta ratsawa. Na biyu rashin cika. Batirin dalma yana son a cika shi fal bayan kowane amfani. Idan ya yi kwanaki yana yawo tsakanin rabi da kashi 80, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa na ciki, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba dawowa. Ga shi kuma ba ya karɓar caji da gaggawa: kamar kashi 10 cikin 100 na Ah ɗinsa ake ba shi, wato amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya) 20 zuwa 25 ga mai Ah 220, ƙarshen cajin kuma yana ja da tsawo. Wanda wutar unguwarsu ke zuwa awa uku ta ɗauke, ko farantansa suka yi kaɗan, baturansa ba za su taɓa ƙoshi ba. Abin da na saba gani a gidajen da aka ɗora wa tubula esi shi ne, shekara ba ta cika biyu sai a fara kiran waya ana cewa wuta ba ta kai sallar asuba.

Sannan batura takwas dawainiya ce. Kowanne yana son a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na famfo ko na leda ba. Suna fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta, don haka ba a rufe su a ɗakin da ba taga, ba a kuma ajiye su inda ake kwana. Idan ɗaya ya raunana a jere, shi zai ja sauran ƙasa, kuma sa sabo ɗaya cikin tsofaffi bakwai ɓarnar kuɗi ce. Idan sun mutu, don Allah a mayar wa dila ya karɓa a rage kuɗi, kada a bar yara su fasa su a tsakar gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce da wadda ke cikin batir.

Ba ina cewa tubula ba shi da wuri ba. Mai ɗaki biyu da ke son ƙwai, fanka da talabijin, kuɗinsa kuma bai kai na litiyam ba, tubula biyu masu kyau za su yi masa shekaru idan ya kula da su. Gida mai esi da firiza dai ba nasu ba ne.

Litiyam da ake sa wa a gida a yau galibi nau'in LiFePO4 ne, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ayarin John Goodenough a Jami'ar Texas suka bayyana a wajajen 1997. Ya bambanta da na cikin waya da kwamfutar hannu: ya fi su nauyi, amma ya fi su jure zafi, kuma kamawarsa da wuta tana da wuya ƙwarai. Abin da ya sa ya dace da mu shi ne bai damu da rashin cika ba, yana kuma karɓar caji da sauri. Mai Ah 200 zai iya shan amfiya 100 lafiya lau, ya tashi daga ƙasa zuwa sama cikin awa biyu da ɗan kai, in dai akwai wutar da za a ba shi. Kamfanoni suna rubuta cewa zai yi zagayen caji 4,000 zuwa 6,000. Wannan a ɗakin gwaji ne mai digiri 25. A zafinmu ka rage buri, amma ko rabin haka ya ba ka, ya ninka abin da tubula zai yi a irin wannan aiki. Shi ma zafi yana tsufar da shi, don haka wuri mafi sanyi a gidan za a ba shi, bangon da rana ba ta duka, ba kusa da janareta ko kicin ba.

Sai dai kasuwar litiyam ta cika da gauraye, kuma a nan nake so ka buɗe ido sosai. Kowace ƙwayar batir a ciki bolt 3.2 ce. Idan aka jera 16 ana samun bolt 51.2, mai Ah 100 ya zama yunit 5.12, mai Ah 200 yunit 10.24, mai Ah 280 yunit 14.3, mai Ah 314 kuma kusan yunit 16. Akwai masu jera 15, su ba da bolt 48. Ba aibi ba ne in an faɗa maka, domin akwai kamfanonin kirki da haka suke ƙera nasu, amma wutarsa ta gaza ta mai 16 da kusan kashi 6 cikin 100, kuma saitin cajinsu ba ɗaya ba ne. Abin tsoro shi ne akwati mai kyau da aka cika da tsofaffin ƙwayoyi da aka ciro daga wani wuri, ko aka rubuta Ah 200 alhali na ciki bai kai ba. Nauyi yana tona asiri: litiyam na gaske mai yunit 5 yana kai kilo 40 zuwa 50, mai yunit 10 kuma kilo 80 zuwa 100. In aka ce maka yunit 10 ne, ka ga yaro ɗaya ya sungume shi, ka riƙe kuɗinka. Tambayi wane kamfani ya ƙera ƙwayoyin. Sunaye irin su CATL, EVE da BYD su ne manyan masu ƙera su a Sin. Araha ba ta ado a wannan fanni.

Akwai kuma allon da ke tsaron batirin daga ciki, wanda ake kira BMS. Shi ke yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko an sha ya yi ƙasa, ko zafi ya wuce kima, ko an ja fiye da ƙarfinsa. Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba sa lura da shi. Batirin da BMS ɗinsa ke barin amfiya 100 kawai, abin da zai iya bayarwa lokaci guda bai wuce kilowat 5 ba, ko da ka haɗa shi da inbata mai kilowat 10. Inbata mai kilowat 6 idan ta cika kaya tana jan kusan amfiya 125 zuwa 130 daga batir, mai kilowat 10 kuma sama da 200. Saboda haka ka tambayi mai lissafi na biyu: batirin nan amfiya nawa yake saki a kai a kai? In 100 ne, inbatarsa ta fi ƙarfin batirinsa, ranar da sumo ya tashi esi biyu suna aiki gidan zai yi duhu ɗif, alhali batir a cike yake. Ka kuma tabbatar batirin da inbatar suna magana da juna ta wayar sadarwa, CAN ko RS485. Bolt ɗin litiyam kusan a tsaye yake daga kashi 20 har kashi 90, don haka inbatar da ke kallon bolt kaɗai ba ta san abin da ya rage ba, sai ta nuna maka a cike, can kuma ta mutu ba sallama. Idan babu wannan sadarwa, dole a sa saitin da hannu bisa takardar batirin, a kuma kashe cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa tubula lokaci-lokaci don daidaita su, domin litiyam ba ya son sa.

Faranti takwas da dukkansu suka rubuta sun yi kaɗan. Faranti mai wat 550 a rana irin ta Kano, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, yana ba da kamar yunit 2.2 zuwa 2.5 a wuni. Takwas ba su wuce yunit 18 zuwa 20 ba, kuma daga ciki ne gidan zai ci na rana kafin batir ya samu saura. Idan darenka yunit 14 ne, ranarka kuma kamar 12, kana neman yunit 26, faranti 12 ke nan. Mutane suna zaton tsananin zafi shi ne yawan wuta. Haske faranti ke so, zafi rage masa ƙarfi yake yi, kusan kashi ɗaya cikin 100 a duk digiri uku da ya hau sama da 25, ga shi a kan kwano yana kai digiri 60 ko fiye. A bar tazara tsakaninsa da rufi iska ta riƙa wucewa. A fuskantar da su kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15, tun da Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Lokacin hunturu a riƙa wanke su da sassafe ko da yamma, domin ƙurar buji tana danne wuta sosai, a watan Agusta kuma a sa ran kwanakin hadari da batir ba zai cika ba.

Sai inbata, wadda da gangan na bar ta a baya, domin ita ce ya kamata a zaɓa daga ƙarshe. Tara abin da zai iya kasancewa a kunne tare: esi biyu kilowat 2.6, sumo mai doki ɗaya kusan kilowat 1, firji da firiza da fankoki da sauran tarkace kamar kilowat 1. Kilowat 4.6 ke nan. Dutsen guga zai ƙara 1 zuwa 2. Kilowat 6 ta isa gidan da ke da tsari, inda ake buga ruwa da guga da rana tsaka, lokacin da faranti ke zuba, ba da daddare ba. Kilowat 8 ta fi ba da sarari in iyali suna da yawa kuma ba za a iya bin kowa da gargaɗi ba. Abin lura shi ne lokacin tashin kaya masu inji: sumo da tsohon esi da firiza suna fizgar ninki uku zuwa shida na abin da suke ci a daƙiƙun farko. Inbata mai taransifoma, mai nauyin nan, ta fi jure wannan fizga, amma ta fi cin wuta a zaune. Marar taransifoma ba ta da nauyi, ta fi tattali, yawanci tana ɗaukar ninki biyu na 'yan daƙiƙu. In esinka tsofaffi ne masu tashi da ƙarfi, sauya su da na zamani ya fi maka riba a kan ƙara girman inbata. Haka fankoki: masu wat 70 in aka maye su da na zamani masu cin wat 30, an rage fiye da yunit ɗaya da rabi kowane dare, kuma kuɗin fanka huɗu bai kai kuɗin wannan yunit ɗin a batir ba.

Girman inbata fiye da buƙata yana da nasa haraji. Babba tana iya cin wat 100 ko fiye tana zaune, wato sama da yunit 2 a kwana ɗaya, kusan duk abin da faranti guda ya wuni yana tarawa. Kuma ka tambayi mai kVA 10 ɗin nan a bolt nawa take aiki. Wasu irinta bolt 96 ne ko sama, batura takwas a jere guda. In haka ne, ranar da ka so komawa litiyam za ka tarar yawancin na kasuwa na bolt 48 ne, sai ka sake sayen inbata. Nemi mai bolt 48 wadda ke haɗa sola, wutar NEPA da janareta a cikinta, mai cajar MPPT (na'urar da ke tatso iyakar wutar da faranti za su iya bayarwa), wadda kuma za a iya jona mata 'yar'uwarta nan gaba in gida ya ƙaru. Irin su Deye, Growatt, Victron da Felicity duk ana samunsu a kasuwanninmu, farashi da daraja sun bambanta. Abin da na fi dubawa shi ne ko akwai mai gyaranta da kayan gyaranta a garin da kake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a gidajen mutane ba batir ba ne, waya ce. A bolt 48, amfiya 130 wuta ce mai yawa. Tsakanin batir da inbata ana son kebul na jan ƙarfe zalla mai kauri milimita sukwaya 35, gajere, an matse kawunansa da abin matsewa, ba a murɗa da filaya an naɗe da salatif ba. Akwai kebul a kasuwa da alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare bakinsa, in ka ga fari a ciki ka ajiye. Dole a sa fis ko bireka na wutar batir kusa da batirin, wani kuma a layin faranti. Bireka irin na wutar gida ba ya wannan aiki: wutar NEPA tana sauka sifili sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa, ta batir da ta faranti kuwa ba ta sauka, in ta kama sai ta ci abin da ke gabanta. Layin faranti a inbatocin zamani yana kai bolt 300 zuwa 450, yana kisa, kada wani ya taɓa shi don an kashe inbata. A kafa sandar ƙasa mai kyau, wato ƙarfen da ake kafawa don ya kai ɓatacciyar wuta ƙasa, a sa abin kariya daga tsawa a ɓangaren faranti da na NEPA, domin farkon damina shi ne lokacin da inbatoci suka fi ƙonewa. A kuma raba layin gidan: hita, abin dafa ruwa da murhun lantarki su zauna a layin NEPA kaɗai.

Kada ka yanke NEPA, ko da ranka ya ɓaci da su. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa sama da naira 200 a kan yunit, duk da haka ta fi wutar janareta sauƙi nesa ba kusa ba, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. A saita inbatar ta fifita sola, sannan batir, ta ɗauki NEPA idan batir ya sauka zuwa kamar kashi 20 ko 30, ko a kwanakin hadari. Janaretan ma a bar shi. Wanda ya ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace aka yi kwanaki babu wuta a jihohi da dama, ya san amfanin hanya ta uku. Da litiyam, awa biyu ko uku na janareta mai ƙarfi sun isa su ɗora batir, maimakon ya kwana yana ruri.

Da ni ne a matsayinka, Alhaji, mai lissafi na biyu zan kira mu sake zama. Inbatarsa mai kilowat 6 ta tsaya, in ta cika sharuɗɗan da na ambata. Batir ya tashi daga yunit 10 zuwa 15 ko 16, mai sakin amfiya 150 zuwa 200. Faranti su zama 12. Da wannan za ka yi esi biyu da rana, ɗaya ya kwana a kan digiri 25 ko 26, sauran ɗakuna da fanka. In lallai sai biyun sun kwana, batir ya kai yunit 25, faranti 15 ko 16, sai a duba ko inbatar za ta iya karɓar wannan yawan faranti. In kuɗin bai kai ba yanzu, fara da yunit 10 ɗin amma da faranti 12, esi ya yi awa uku ko huɗu ya sanyaya ɗaki fanka ta karɓa, ka ƙaro batir na biyu irinsa sak, kamfani ɗaya da girma ɗaya, cikin shekara guda, kafin na farkon ya yi nisa da shi a tsufa.

Kafin ka biya cikon kuɗi, a rubuta maka garanti da lambar jikin batirin da ta inbatar, a fayyace shekara nawa ne kuma wa za ka kira a Kano in matsala ta taso. Sannan a yi gwaji a gabanka: a cika batir fal, a kashe NEPA da faranti, a kunna kayan da aka san cinsu, misali kilowat 2, a duba agogo. Batir mai yunit 10 na gaske zai riƙe wannan kaya kusan awa huɗu kafin ya sauka kashi 10. In ya faɗi a awa biyu da rabi, a canja maka shi tun kwalinsa yana tsakar gida.